Rasuwar Inna Takwas, Mai Raba Intanet ta Salaga

Da zukata cike da baƙin ciki, da kuma wata tambaya da ta tsaya mana a maƙogwaro, muke fitar da wannan sanarwa. Idan aka tambayi baiwar Allah sunanta, ta faɗi na gaskiya amma ba ta faɗe shi duka ba, aka yi mata magani bisa rabin da ta faɗa, ta mutu, alhakinta yana wuyan wa? Wanda ya haɗa maganin, ko wanda ya ɗura mata, ko ita da ta yi shiru a kan ragowar? An kai wa malamai biyu na zangon Salaga wannan tambaya. Ɗaya ya ce ƙarfe ba shi da alhaki. Ɗayan ya nemi a ƙara masa shayi.

Iyalan Malam Mikaila, mai shagon intanet na bayan tashar motocin Makango a Salaga, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Salaga da Yendi da Bawku rasuwar uwarsu kuma mai ɗawainiya da su, Inna Takwas. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan kantar da take zaune tun zuwanta garin, bayan gajeriyar jinya da ba ita ta nemo ba.

Ga waɗanda suka ci moriyarta ba su taɓa ganin fuskarta ba, kuma su ne suka fi yawa, marigayiya na'ura ce mai jikin ƙarfe, launin toka, faɗinta bai wuce na faifai ba. Masu aikin suna kiran irinta suwic. Ƙofofi takwas gare ta. Ta ɗaya intanet yake shiga, ta sauran take raba shi ga kwamfutocin shagon da maƙwabtan da suka ja waya ta kan rufi, kowane saƙo ta miƙa shi ga mai shi.

Dole kuma mu sanar cewa gidan yana da majinyaci na biyu, wanda har yanzu yana numfashi. Ba mutum ba ne, kyakkyawan suna ne, na Shahida, ƙanwar Barakatu matar Mikaila, wadda ta yi karatun kwamfuta a Tamale take zaune a Yendi. Alhaji Issah, dillalin shanu da albasa na Bawku, ya yi mata alkawarin aikin haɗa rumbunansa na Bawku da Gushegu da Yendi a kan layi ɗaya. Saboda wannan alkawari ta ajiye koyarwar da take yi a wata makaranta. Tun ranar Talata ake cewa ita ta kashe Inna Takwas, kuma Alhaji ba ya ba mai kashe kaya aiki.

Ba a san gidan da marigayiya ta fito ba. An dai ji cewa ta yi ƙuruciyarta a wani ofis a ƙasar Turawa, inda suka more ta har ta gundure su, suka jefa ta cikin kwantena. Ta sauka a bakin teku, ta hau mota ta yi arewa, ta ƙetaro iyaka zuwa Bawku a ƙarƙashin buhuna. A can Alhaji Issah ya same su su biyu cikin kwali ɗaya, ita da 'yar'uwarta, launi ɗaya, tambari ɗaya, rubutun bayansu ɗaya. Bai san amfaninsu ba. Alhaji yana sayen abu ne idan ya ga wani yana kallonsa. Ɗaya ya kawo wa Mikaila, ɗayar ta ƙare a Yendi a hannun Shahida. Duk wanda ya gan su ya ce tagwaye ne, kuma Mikaila ya fi kowa faɗa.

Halinta ba ya buƙatar ƙari. Shekara da shekaru asirin rabin unguwa yana bi ta cikinta, ba ta taɓa buɗe saƙon kowa ba, abin da ba za a faɗa a kan ko mutum ɗaya daga cikin masu zaman bencin ƙofar shagon ba. Ta ɗauki karatun malamai, ta ɗauki cacar ƙwallo ta 'ya'yan malaman, da sauri ɗaya. Ta kai wa matan Makango farashin banda na Yeji kafin dillali ya gama shirya ƙaryarsa. Ta kai wa ɗalibai sakamakon jarrabawa, mai daɗi da marar daɗi, ba ta tausasa ko ɗaya ba. Idan dumso ya zo wuta ta ɗauke, takan mutu ba gardama. Idan wuta ta dawo ta tashi ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba ta neman a ba ta haƙuri.

Ba ta da yawan magana. Idan ta farka takan ce ƙit, sau ɗaya, sai fankarta ta kama firrr, a hankali, kamar tsohuwa na jan carbi cikin hanci. Fitilunta kore ne, suna ƙiftawa bi da bi. Mikaila, wanda bai gama makaranta ba, wanda ya koyi aikinsa daga matattun wayoyi da takardun da ya sauko da su ya karanta da ƙyar, ya fi son zama da ita a kan zama da mutane. Mutum ne mai juya tambaya ɗaya a kansa har ta yi tsami. Yakan zauna yana kallon ƙiftawar nan yana tunanin ko mai kai saƙon ƙarya yana da rabo a zunubinta. Barakatu ta daina kiransa cin abinci sau biyu.

Ciwon ya fara ne daga wani abu ƙarami. Masu ƙera marigayiya sun daɗe da mantawa da ita, tsohuwar manhajar da ke cikinta ta soma gajiya. Takan sandare da tsakar rana sai an kashe ta an kunna. Mikaila da Shahida suka yi shawarar sa mata sabuwar manhaja irin ta kyauta, wadda masu aikin a duniya suke haɗa hannu su rubuta. Sai dai a cikin kowane suwic akwai 'yar baƙar ƙwaƙwalwa da ba ta fi goron daushe ba, wadda ake kira cip, kuma ita ce take rabon na gaskiya. Manhaja ba ta iya magana da cip kai tsaye. Sai an rubuta mata tafinta, wanda ake kira direba. Shahida ce ta ɗauki rubuta shi.

Ladabin direba shi ne, da zarar ya farka ya tambayi cip lambarsa, daga amsar ya san da wa yake magana, ya san umarnin da zai ba shi. Shahida ta tambayi ta Yendi, ta faɗi lamba. Mikaila ya tambayi ta Salaga, ta faɗi lambar nan dai. Amma a zauren da masu rubuta direbobi suke tattaunawa, Shahida ta karanta cewa wannan lamba ta gida ce, ba ta mutum ɗaya ba. Cip iri biyu ne suke amsa ta, mai harafin A da mai harafin B, kuma masana'anta takan sauya ɗaya da ɗaya a tsakiyar aiki ba ta canja ko ɗigo a jikin kwali ba. Duk umarninsu ɗaya ne in ban da guda. A jikin A yana buɗe ƙofa ta takwas. A jikin B yana ƙara ƙarfin wutar da ke shiga cikin cip ɗin kansa.

Harafin yana rubuce a bayan cip, ƙarƙashin wata hular ƙarfe mai tsaga-tsaga da aka manna masa da gam don ta sha zafi. Shahida ta ɗaga hular ta Yendi, ta ga A, ta sa mata sabon direba, ta tashi lafiya. Sannan ta rubuta direban yadda ba zai motsa ba sai mutum ya buga masa harafin da hannunsa. Ta hau babur ta biyo ta Bimbilla ta zo Salaga.

"Yaya Mikaila, ba ni sukudireba in ga kan tsohuwarka."

"Wane kai za ki gani? Kin ga na 'yar'uwarta."

"Na ga na 'yar'uwarta. Ita fa?"

"Kwali ɗaya. Tambayi Alaji."

"Ni da Yaya Barakatu ma ciki ɗaya muka fito. Ka ga ina sayar da kifi?"

Barakatu, da ke ƙofa tana jera banda a kwando, ta ce, "Da kin fi haka ƙiba."

Mikaila bai yi dariya ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan marigayiya. Ya ce gam ɗin ya tsufa, idan aka murɗe hular cip na iya tsagewa. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilinsa ba. Dalilinsa kakarsa ce, Mma Adisa, wadda take da zane a kumatu da babu irinsa a duk dangin, kuma har ta koma ga Allah babu wanda ya tambaye ta na wane gari ne. A wannan garin da aka taɓa tsayar da mutane a kasuwarsa ana duba haƙoransu kafin a saye su, ta koya wa jikokinta cewa wanda ya zauna gidanka ya yi maka aiki da amana, ba ka tona shi don ka ga daga inda aka kawo shi. Mikaila ya riƙe wannan tarbiyya da kyau. Ya riƙe ta har ya kai ta inda tsohuwar ba ta aike shi ba.

"Ta faɗa min lambarta," in ji shi. "Ban taɓa kama ta da ƙarya ba. Ba zan tuɓe ta a gaban mutane ba don wani Bature ya rubuta abu a intanet."

"Ba mutum ba ce fa, Yaya."

"Shi ya sa ba za ta iya cewa a'a ba."

Shahida ta dube shi, ta dubi yayarta. Mijin yayarta ne, a shagonsa take, kuma ya girme ta nesa. Ta ajiye masa direban, ta ce, "To, shi ke nan. Zai tambaye ka harafi. In ba ka gani da idonka ba, kada ka buga masa komai." Ta sha ruwa ta koma Yendi.

Ranar Litinin da la'asar Mikaila ya zuba wa marigayiya sabuwar manhaja. Direban ya tsaya ya nemi harafi. Ya buga A.

Ta ce ƙit, ta tashi. Fitilunta takwas suka kama gaba ɗaya, da wani haske da ba a taɓa gani a fuskarta ba. Mikaila ya kira Shahida ya ce, "Madam injiniya, tagwayen suna gaishe ki." Waɗanda suka yi jinyar tsofaffi sun san irin wannan wartsakewar, kuma ba sa murna da ita.

Washegari da ya buɗe shago ya tarar da murfinta ya yi zafin da za a gasa masara a kai. Fankar ta bar firrr ta koma tsiii, siririya, mai shiga haƙori. Ƙofa ta takwas ce ta fara dushewa. Filogin yana nan kusa da gwiwarsa, yatsa biyu sun isa su zare shi. Amma zare shi yana nufin akwai abin da ya faru, kuma akwai masu jira a kan kwamfutoci. Sai ya ɗauko mafici ya zauna yana yi mata fifita, kamar zazzaɓi ne. Ta bakwai ta bi. Ta shida ta ƙifta ta ƙifta ta haƙura. Warin roba ya cika shagon, wata mata da ta zo aika takardar ɗanta ta rufe hanci da mayafi ta tambaya ko wani ne yake ƙona taya. Marigayiya ta ci gaba da kai saƙonni ta ƙofofin da suka rage mata har ta ƙarshe. Saƙon da ta kai na ƙarshe hoton wani akuya ne da ake talla. Daga nan ta yi shiru. Mikaila ya ci gaba da fifita na ɗan lokaci.

Mutumin da ya shafe shekaru yana auna nauyin ƙaramar ƙarya bai ɗauki lokaci ba a kan tasa. Kafin azahar ya aika saƙon murya a zauren waya da ya haɗa masu shaguna da shugabannin makarantu da 'yan kasuwar garuruwan uku. Muna kawo shi kamar yadda ya faɗa, don ya shiga tarihin marigayiya.

"Salamu alaikum, jama'a. Inna Takwas ta rasu. Shekaru tana aiki da tsohon kayanta, ba ta cuci kowa ba. Aka kawo mata sabon magani daga Yendi, maganin masu takarda. Ni ba na kiran suna."

Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Ya duba wannan kafin ya aika. Mace ɗaya ce tak daga Yendi a zauren.

Alhaji Issah ya amsa daga Bawku, ana jin kukan shanu a bayansa. "Ashe yarinyar kashe kaya take yi? To, bari mu gani."

Marigayiya ta bar magada da dama, yawancinsu ba su cancanta ba. Ta bar batirin ajiyar wuta da ya kumbura tun bara, wanda aikinsa ya kare ta amma bai taɓa riƙe wuta har a gama salati ba. Ta bar na'urar buga takarda, wadda tun ranar da aka kawo ta take ciwo tana cin takarda tana amai da tawada, kuma ga dukkan alamu ita za ta binne kowa a shagon. Ta bar wayoyinta suna reto daga rufi, bakinsu a buɗe. Ta bar mai kemis na kusurwa da tela da mai momo mai aika kuɗi ta waya, waɗanda suka zo ta'aziyya da tambaya ɗaya, yaushe layi zai dawo. Ta kuma bar 'yar'uwarta a Yendi, tana cikin ƙoshin lafiya, tana aiki da direban nan dai da ake zargi, kuma lafiyar tata ta zame wa iyali abin kunya. Duk wanda ya ambace ta, Mikaila sai ya ce kowa da kwanansa.

Ya lulluɓe gawar da farin ƙyalle ya bar ta a kan kanta. Barakatu ta ce ya buɗe hular a huta. Ya ce wa za a tayar. Ya san abin da yake yi. Muddin hular tana manne, harafin da ke ƙarƙashinta yana iya zama A, kuma muddin yana iya zama A, Mikaila mai makoki ne kawai. Yakan tsaya yana kallon ƙyallen yana gaya wa kansa cewa mutunta matacce yake yi, har ya kusan yarda.

Yau Alhamis da hantsi motar albasar Alhaji Issah ta tsaya a bakin shagon, a hanyarta ta zuwa Makango don hawa jirgin ruwan da ke ƙetarawa Yeji. Alhaji ya sauko, ya yi gaisuwa, ya zauna a kujerar da ta fi kyau. Bai gama shan ruwa ba babur ya tsaya. Shahida ce, jar laka har gwiwa. Ta durƙusa ta ajiye ƙullin goro a gaban mijin yayarta.

"Yaya Mikaila, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya ba da ladan jinya. An ce ka yi fifita sosai."

Alhaji ya ɗaga hannu. "Ku tsaya. Ni ban san A ba, ban san B ba. Shanu na sani. In saniya ta faɗi, wannan ya ce allura ce, wancan ya ce ciwo ne, feɗe ta ake yi a duba hanta. Malam Mikaila, buɗe mu gani."

"Alaji, ba a tona gawa."

"Wace gawa? Rediyo ne fa. Ni na kawo shi cikin albasa."

"A wurinka ne rediyo," in ji Mikaila.

Shahida ta ce, "Alaji, na gyara direban. Na gano wata hanya da ake yi wa cip tambaya ta biyu ya faɗi harafinsa da kansa. Yanzu ba ya jiran bakin kowa. Amma mai rai ake tambaya. Wannan sai dai a karanta."

Mikaila ya juyo, idonsa ya kaɗa. "Da tun farko kin sa ya yi tambaya ta biyun, da tana nan."

"Da tana nan," in ji Shahida. "A lokacin ban san hanyar ba. Shi ya sa na tambaye ka."

Alhaji ya ɓare goro ɗaya daga na ta'aziyyar ya jefa a baki. Ya dubi Mikaila, ya dubi ƙyallen, ya jira. Mikaila ya gyara gefen ƙyallen inda ya ɗan karkace.

"To," in ji Alhaji, ya miƙe. "'Yata, ni ba alƙali ba ne. Mijin yayarki ya ce kin kashe, ke kin ce ba ki kashe ba, gawa ta ƙi magana. Rumbuna na ba wurin gwaji ba ne. Akwai wani ɗan Bolga da yake ta bina. Ina taka Yeji zan kira shi." Ya sa takalmi. Motar ta yi tari ta tafi, ta bar warin albasa a ƙofar.

Shahida ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake duban mijin yayarta ba. Ta juya wurin Barakatu.

"Yaya, kina da mai taya ki banda a Makango?"

"Ɗaya ta tafi haihuwa."

"Makarantar sun riga sun ɗauki wani. In zo?"

Barakatu ta kamo hannun ƙanwarta, ta juya shi, ta duba yatsun da kyau kamar tana duba kifi. "Ki zo Litinin. Ki cire zoben, hayaƙi yana cin sa. Tabarau ɗin ma ki bar shi gida, ba abin da za ki karanta." Sannan ta ce da mijinta, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Ka samo min 'yar aiki mai digiri."

Mikaila ya yaye ƙyallen.

Ya kwance sukurorin ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a murfin kwalba. Ya ɗaga murfin. Ciki duk ƙurar shekaru ce, da gawar wani ɗan gizo-gizo. Ya ɗauko na'urar hura zafi da yake gyaran waya da ita, ya yi wa hular ɗumi har gam ɗin ya yi laushi, ya kama ta da yatsa biyu ya murɗa. Ta ce ƙas. Wannan ita ce maganar marigayiya ta ƙarshe, kuma cip ɗin bai tsage ba. Ya goge bayansa da auduga da sifirit. Rubutun ya fito fari, layi uku, ƙanana. Harafi ɗaya ne a ƙarshen layin farko, amma ya daɗe yana karanta shi.

Shahida ba ta leƙa ba. Tana zaune tana kankare laka daga takalminta da tsinke.

"Mene ne?" in ji Barakatu.

"B."

"Ban ji ba."

"B ne."

"To ni kake gaya wa? Ni ce zan hau jirgi?"

Ga tsarin jana'iza. An gama wankan gawa kamar yadda aka bayyana, a hannun mai gidanta. Ta tashi daga Salaga yau bayan azahar, a buɗe, ba murfi ba hula, ɗaure a bayan babur da igiyar kwandon kifi. Barakatu ce ta ɗaure ta, kuma ta ja igiyar fiye da yadda ake buƙata. Mikaila ne yake tuƙi. Ya nemi Shahida ta hau su tafi tare, ta ce ƙafarta ta gaji da hanya, kuma ba ita ce ta yi magana a zaure ba.

Za a yi bankwana da marigayiya a bakin ruwan Makango, a gaban motar albasa, idan Allah ya sa layin jirgi bai kai kan motar ba. A can mai gidanta zai nuna wa Alhaji Issah harafin, ya karanta masa shi da bakinsa, ya kuma faɗi wanda ya buga ɗayan. Idan an tarar jirgi ya tashi, gawa za ta bi shi a kwalekwale. Bayan haka masu kondem, masu sayen tsohon ƙarfe, za su karɓe ta, su cire abin da ke da nauyi a jikinta su watsar da sauran. Ba za a toya masar sadaka ba, ba za a kafa rumfa ba. Goron da aka kawo Alhaji ya riga ya fara cinsa.

Masu son yin ta'aziyya su same mu a shago, inda babu layi. Wanda kuma ya haɗu da babur a hanyar Makango, da wani mutum a kai yana gudu da buɗaɗɗen akwati a bayansa, muna roƙonsa kada ya tsayar da shi gaisuwa. Ya kauce ya ba shi hanya.